Armaya'u Mai Gyaran Keke da Giyar Motarsa

In ka shiga kasuwar Batsari kana cigiyar Armaya'u, za a tambaye ka wanne, don ba shi kaɗai ke da sunan ba. Ka ce mai gyaran keken ɗinki, sai a nuna maka rumfarsa, amma da wuya ka tarar da shi a ciki. Duk telan da kekensa ya fara tsallake ɗinki ko cin zare, daga Batsari har Safana da ƙauyukan da ke tsakani, shi yake nema. Matan da ke ɗinki a cikin gida ma aike suke yi a kira shi, a fito masa da kan keken zaure ya gyara.

Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun bai yi wayo ba. Ƙafar ta shanye, ta tsaya siririya, da sanda yake tafiya. To amma Allah da ya yi shi sai ya haɗa wannan ƙafa da zuciyar da ba ta san zama ba. Shayi ba ya jira ya huce. Gaisuwa, wadda a garin nan ake jan ta daga gajiya, a bi ta kan iyali, har a kai ga shanu da damina, shi a kan "ya gida" yake datse ta, kafin ka amsa ya fara kwance kusoshi. Dattawa sun yi masa faɗa har sun gaji, suka ce halinsa ne.

Saboda haka abin da ya fi ci masa rai a duniya ba ƙafar ba ce, jira ne. Shekara da shekaru ƙanensa Rilwanu ke goya shi a babur, shi da akwatin kayan aikinsa. Rilwanu ɗan acaba ne, mutumin kirki, mai son yayansa ƙwarai, sai dai shi kuma an halicce shi da sanyin jiki. In ya ce maka ga shi nan tafe, to samu wuri ka zauna. In sun kama hanya kuwa, ba ya wuce majalisa bai rage gudu ya tambayi lafiyar kowa ba. Kullum da safe za ka ga Armaya'u a ƙofar gida dogare da sanda, ya leƙa gabas, ya leƙa yamma, ya shiga, ya fito, matarsa Talatu tana ce masa daga ciki, "Malam, leƙen nan ba shi zai kawo shi ba." Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma a wannan tsayuwar ce kaɗai yake jin cewa shi gurgu ne.

Motar da ta raba shi da wannan jiran daga Safana ta zo. Wani tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma ya yi ritaya zai koma Katsina, ya sa tsohuwar motarsa a kasuwa, ta daɗe ba mai tayawa. Laifinta ɗaya, otomatik ce, irin wadda ke canza giya da kanta. Mutanenmu ba su yarda da irinta ba. Motar malalata suke ce mata, wai in batir ya yi sanyi ba a tura ta ta tashi, in ta lalace kuma sai an yi tattaki neman masani. Armaya'u ya je gyara keken matar mutumin, ya leƙa ta tagar motar, ya ga feda biyu kacal a ƙasa, totur da birki, duka na ƙafar dama. Ya tambaya ina kulocin da ake takawa da ƙafar hagu, aka ce masa irin wannan ba ta da shi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Ya tattara ɗan abin da ya ajiye, Talatu ta sayar da tumakinta, aka kawo mota. A filin makarantar firamare ya koya, ya kusa rushe musu katanga, amma ya koya. Ranar da ya fara zuwa Safana shi kaɗai, ba a bayan kowa ba, sai da ya isa ya tuna babu wanda ya kira shi aiki. Ya sayi ƙuli-ƙuli ya juyo, yana dariya shi kaɗai a hanya. Daga nan gari ya yi masa kaɗan. Yau yana Safana, gobe ya bi hanyar burji ya shiga Tsaskiya, telan da a da sai ya yi ta aike kafin ya gan shi, yanzu kafin ya ajiye waya ya ji hon a ƙofa. Rilwanu ya samu sararin neman na kansa, amma wani lokaci da safe yakan biyo ta ƙofar gidan bisa sabo, ya tarar da sawun taya kawai, ya gaida Talatu ya wuce.

Ana nan, wata damina, gero ya yi tsawo ya rufe gefen hanya, Armaya'u na dawowa daga Safana bayan la'asar, motar ta yi tari ta mutu. Ya murɗa makulli, ta yi ta ƙara, ta ƙi kamawa. Kowa a yankin nan ya san ba a barin mota a wannan hanya in rana ta karkata saboda ɓarayin daji, balle a bar mutum, balle mutumin da ba ya iya gudu. Yana cikin murɗe-murɗe, sai ga Salmanu, direban a-kori-kura da ke jigilar buhuna tsakanin kasuwanni. Salmanu bai tsaya dogon bayani ba. Ya kwance igiyar ɗaurin kaya, ya ƙulla ta a gaban motar, ya ce, "Malam Armaya'u, fidda ta daga giya, sa ta a firi ka riƙe sitiyari, sauran aikina ne." Ya ja shi da gudu, don da rana suke tsere. Armaya'u na baya yana ta sa masa albarka, har suka shigo Batsari suka ajiye motar a garejin Sahabi bakanike kafin magariba. Ko goro Salmanu bai yarda ya karɓa ba.

Da safe Sahabi ya duba. Ashe wata 'yar waya ce ta famfon mai ta zare, abin da bai kai a kira shi gyara ba. Ya mayar da ita, inji ya tashi lafiya lau. Armaya'u ya faɗa ciki yana murna, ya ja giya, ya taka totur. Inji ya yi ta ruri, mota ko motsi. Sahabi ya zaro sandar awon man giya ya kai hanci. Man da ya kamata ya zama ja ya koma baƙi, yana warin ƙauri.

"Malam Armaya'u, da mi aka kawo ta jiya?"

"Salmanu ya jawo ni da igiya, Allah ya saka masa da alheri."

"Amin. Tun daga ina?"

"Daga kusa da Safana."

Sahabi ya goge sandar da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, "Wagga irin mota ba a jan ta da nisa in inji na kashe. Injin ne ke tura man da giyar ke sha. Jiya taya na gudu, cikin giya na juyawa a bushe. Ta ƙone, Malam."

Armaya'u ya nemi wanda zai huce a kansa, ya rasa. Salmanu dai ransa ya ceta. Da la'asar ma sai ga shi ya biyo ya tambayi jikin mota, Armaya'u ya ce masa da sauƙi, ana kan gyara. Har yau Salmanu bai san igiyarsa ce ta yi ɓarnar ba.

Shawarar Sahabi ita ce shawarar kowane bakanike a ƙasar nan. "A cire wagga a yar, a ɗaura mata manuwal, a huda ƙasa a sa mata kuloci. Abin da kowa ke yi ke nan. Ta fi araha, ta fi ƙarko, ko a ƙauye ta mace maka ana tura ta ta tashi." Yana cikin magana idonsa ya sauka a kan ƙafar hagun Armaya'u, sai muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce in ba haka ba, sai a je Katsina a sayo wata giyar otomatik 'yar Beljiyam, wato wadda aka ciro daga tsohuwar mota a ƙasar waje. Armaya'u ya tambaya ko ba a buɗe ƙonanniyar a gyara. Sahabi ya ce ana buɗewa, amma shi bai taɓa ganin wadda aka buɗe a Batsari ta koma daidai ba, kuma ba ya so a fara da shi.

Aka koma tsayuwar ƙofar gida. Wannan karon ta fi ta da ɗaci, don yanzu ya san daɗin abin da ya rasa. Da safe ya ce 'yar Beljiyam zai saya, da azahar ya ce a buɗe, kafin magariba ya rasa ma me ya ce. Ya je gareji ya zagaya motar, ya koma rumfa, ya kasa zama, ya sake komawa gareji, har Sahabi ya fara ɓuya in ya jiyo ƙarar sanda. A gida ya kwance keken Talatu wanda ba abin da ya same shi, ya kwance rediyo, ya fara kallon injin markaɗe, ta ce in ya taɓa shi sai dai ya ci tuwo ba miya. A majalisa kuwa kowa ya zama bakanike. Mahauci ya ba da shawara, malamin makaranta ya ba da tasa, har wanda ko keken hawa bai mallaka ba ya ce shi dama ya san haka za a yi.

Da abin ya ishe shi ya hau bas ya tafi Katsina, wurin masu sayar da kayan mota. Ga giyoyi nan jere a ƙasa, an wanke su da kananzir suna ƙyalli, ba ka bambance mai rai da matacciya. Ya dogara sanda ya durƙusa gaban wadda aka ce ita ce ta motarsa.

"Buɗe mani in ga cikinta."

Mai shago ya yi murmushi. "Alhaji, in an buɗe ta zama taka."

"In na ɗaura ta ƙi fa?"

"Sai haƙuri. Mu ma a rufe muka saye ta."

Armaya'u tun da ya fara sana'a bai taɓa yi wa keke kuɗi ba sai ya ɗaga murfi ya ga cikinsa. Yau ga shi ana so ya sayi ƙarfe kamar kankana, sai an kai gida a san ja ce ko fara. Kuɗin da aka faɗa masa kuwa, sai ya sayar da gonar gado kafin ya haɗa, kuma gonar ba tasa ba ce shi kaɗai, tasu ce da Rilwanu, daga ita gidajen biyu ke cin tuwo. Ya miƙe, ya zagaya layin, ya dawo gaban giyar, ya sake zagayawa. Daga ƙarshe ya hau bas ya dawo Batsari hannu wofi.

Da yammar nan Rilwanu ya same shi a kan tabarma a ƙofar gida. Ya yi gaisuwarsa mai tsawo, sannan ya ce, "Yaya, a sa manuwal ɗin. Ni zan riƙa tuƙa ka. In ta kama in aje babur, sai in aje. In na kai ka wurin aiki, kafin ka gama na ɗauko fasinja na kai na dawo. Ka ga mota ba ta zauna ba, kai ma ba ka zauna ba." Magana ce mai ma'ana, ba inda za ka kama ta ka ce ga aibu. Talatu ma daga zaure ta ce hakan ya yi. Armaya'u ya gaji da kansa, ya ce to. Washegari aka gaya wa Sahabi, ya aika aka kawo giyar manuwal aka jingine ta a gefen motar.

Sai dai kafin a fara huda, wata rana da azahar Sahabi ya tafi masallaci, gareji ba kowa, Armaya'u ya buɗe wata tsohuwar tasi da ke jiran gyara ya shiga. Ya kama ƙafar hagunsa da hannu biyu ya ɗora ta a kan kuloci. Ya danna gwiwar da tafin hannu. Fedar ta yi ƙasa kaɗan, ƙafar ta zame ta faɗi gefe. Ya ɗauko ta ya mayar, ya danna da dukan ƙarfinsa, ta sake zamewa. Ya yi ta yi har gumi ya jiƙa masa riga. Sannan ya lura cewa ko da ta danu, hannu ɗaya na kan gwiwa, ɗaya na kan giya, sitiyari sai dai ya riƙe kansa. Ya ja jiki ya koma kujerar mai zaman banza, don ya ji yadda za ta kasance masa. Kujera ce mai laushi, ga wurin miƙe ƙafa. Bai iya daɗewa a kanta ba, ya fito.

Da ya gaya wa Rilwanu ya fasa, Rilwanu ya dube shi. Ya ce, "Mi na yi maka, Yaya? Tun ina goya ka, na taɓa ce maka na gaji?"

"Ba ka taɓa ba. Ni ne na gaji."

Maganar ta fita da kaifin da bai yi nufi ba. Ya so ya gyara, ya ce ba da Rilwanu ya gaji ba, amma gaggawar da ke sa shi datse gaisuwa ita ta hana shi tsayawa ya jera kalmomin. Rilwanu ya tada babur ya tafi, ya daina biyowa ta ƙofar gidan. Armaya'u ya koma hawa acabar wasu, abin yana damunsa ƙwarai, amma bai aika a kira shi ba.

Ya je ya ce wa Sahabi a buɗe ƙonanniyar. Sahabi ya ce, "To, amma da sharaɗi. In ta ƙi, kada gobe a ce Sahabi ya kashe motar Armaya'u." Aka sauko da giyar. Armaya'u ya rufe rumfarsa ya tare a gareji, ya shimfiɗa buhuna, duk ƙarfen da Sahabi ya zaro ya karɓa ya wanke ya ajiye a bayan wanda ya riga shi fitowa, yadda yake yi wa keken ɗinki don kada mayarwa ta rikice. Faya-fayan da ke ciki sun ƙone sun yi baƙi ƙirin. A bayan garejin akwai wata giya irinta, ta wata mota da ta yi haɗari tun da daɗewa, ciyawa ta rufe ta. Suka fasa ta, suka tsince masu sauran rai. Sahabi na aiki a hankali yana tunani, Armaya'u na kansa yana tambayar saura me, har sai da Sahabi ya ce in bai yi shiru ba zai tattara masa ƙarafansa a buhu ya kai masa gida.

Abu ɗaya ya gagara. Ƙarfen da ke kama ribas ya tsage a tasa, ya kuma tsage a ta bayan gareji. An buga waya Katsina, an buga Kano, kowa ya ce ba a sayar da shi shi kaɗai, sai dai giya sukutum. Sahabi ya ce a dakata, wataƙila wata rana a samu wata matacciyar a ciro. Armaya'u ya tambaya yaushe. Sahabi ya ce Allah kaɗai ya sani. Armaya'u ya ce, "Rufe ta haka."

Aka ɗaura, aka zuba sabon mai ja. Armaya'u ya ja giya ya taka totur a hankali, bakinsa na motsi. Motar ta ɗan yi jim, ta girgiza, sannan ta gangara gaba. Ya kai bakin titi ya zagayo, tana canza giya da ɗan fizga, amma tana canzawa. Ya dawo ya sa ribas. Inji ya yi ruri, mota ta tsaya inda take.

Sahabi ya leƙo ta taga. "Manuwal ɗin na nan aje, Malam Armaya'u. Mota ba ribas ai rabin mota ce."

"Wannan rabin, wa zai tuƙa ta?"

"Kai mana."

"To sai an jima."

Labari ya riga shi isa unguwa. Da ya karyo kwanar lungunsu gab da magariba, maƙwabta na tsaye a waje, Talatu na leƙe daga zaure. Ya hango Rilwanu a cikinsu, jingine da baburinsa, karo na farko tun ranar da suka yi maganar nan. Wurin kallonsa da ɗaga wa mutane hannu, sai ya zarce ƙofar gidansa da kamar tsawon mota biyu, ya tsaya daidai bakin kwata inda ba a iya fita. Hannunsa ya kai kan giya, sannan ya tuna ba ribas. Mutane suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Rilwanu ya matso ya dafa gaban motar.

"Yaya, sa ta a firi mu turo ka baya."

"Ɗage hannunka, Rilwanu."

Rilwanu ya ɗage. Armaya'u ya taka totur ya yi gaba. Lungun ba wurin juyawa, dole ya bi shi har ƙarshe, ya sha wata matsattsiyar kwana inda maƙwabcinsu Nasiru ke tara itacen sayarwa, har gefen motar ya gogi itace. Ya ɓulla bakin kasuwa, ya tarar da amalanken shanu a gabansa, ya bi bayansa a hankali. Kunya ta rufe shi. Ya tambayi kansa ko taurin kai ne kawai ya yi, ya ɓata wa ɗan'uwansa rai a kan motar da ba ta iya kai shi ƙofar gidansa sai ta zagaye rabin gari. Yana bayan makarantar firamare aka kira salla.

Da ya sake karyo kwanar lungun, ba kowa, duk an tafi masallaci. Mutum ɗaya ne tsaye a tsakiyar hanya, daidai ƙofar gidan, ya ɗaga hannu yana yafito shi.

"Taho, Yaya. Ƙara kaɗan. Nan. Taka birki."

Ya taka. Ya kashe mota, ya buɗe ƙofa, ya jawo sandarsa ya fito, Rilwanu na tsaye bai sa masa hannu ba. Sai da ya daidaita tsayuwarsa Rilwanu ya ce, "Na yi wa Nasiru magana, gobe da asuba za mu janye itacen nan daga kwana. Tunda kullum ta nan za ka riƙa fita."

 Armaya'u ya juya yana laluben makulli a jikin ƙofar mota, don kada ƙanensa ya ga hawayen da ke zubo masa.